Kambamawa da Haɗa Kishiyoyi a Ƙagaggen Labari da Zane

Idan kun taɓa zama da Hausawa a kasuwa ko a tashar mota, ba mamaki kun ji wani ya ce wa abokinsa, "Haba, na yi shekara ina jiranka!" alhali bai fi rabin awa da zuwa wurin ba. Abokin ba zai kira shi maƙaryaci ba. Haƙuri zai ba shi, domin ya gane abin da ake nufi, wato jiran ya yi tsawo kuma ran mai jiran ya ɓaci. Haka nan idan aka ce kasuwa ta cika babu masaka tsinke, ba wanda zai ɗauki tsinke ya tafi ya gwada. Idan aka ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya san ruwan sama mai ƙarfi aka yi. Ku duba harshenku na gida, ko Yarbanci ne ko Ibo ko Tibi ko Ibibiyo, za ku tarar da maganganu irin waɗannan da yawa.

Wannan dabara ta ƙara wa abu girma ko yawa ko ƙarfi fiye da yadda yake, ita ake kira kambamawa. Idan aka kai ta inda hankali ba zai ɗauka ba, masana adabin Hausa sukan kira ta kambamar zulaƙe. Tana da abokiyar tafiya, wato haɗa kishiyoyi. Kishiyar kalma ita ce kalmar da ma'anarta ta saɓa wa tata, kamar fari da baƙi, ko dogo da gajere. Haɗa kishiyoyi kuwa shi ne a ajiye abubuwa biyu masu saɓani kusa da juna domin kowanne ya fito da ɗan'uwansa fili. A wannan darasi za mu ga yadda marubuta ƙagaggun labarai da masu zane da sassaƙa suke amfani da dabarun biyu, da kuma dalilin da ya sa ta farkon ba ta cika yin tasiri ba sai ta biyun tana kusa.

Kambamawa ba ƙarya ba ce

Maƙaryaci yana so a yarda da abin da ya faɗa kamar yadda ya faɗe shi. Mai kambamawa kuwa ya san mai sauraro ya san an ƙara gishiri, kuma a kan wannan fahimtar suke tafiya. Wannan shi ne bambanci na farko. Na biyu shi ne, kambamawa mai kyau tana tsayawa a kan wata gaskiya. Marubuci yakan dubi mutum ko wuri, ya zaɓi siffa ɗaya tak wadda take akwai, ya faɗaɗa ta har kowa ya gan ta.

Bari mu gwada. A ce kuna rubuta labari, kuma kuna son mai karatu ya san cewa wani attajiri, Alhaji Tanko, marowaci ne. Kuna iya rubuta haka:

*Alhaji Tanko yana da dukiya, amma yana da rowa ƙwarai.*

Jimlar daidai take, sai dai mai karatu zai wuce ta ya manta. An faɗa masa abu, ba a nuna masa komai ba. To, ku dubi wannan:

*Alhaji Tanko yana ƙirga ƙwayoyin shinkafa kafin a ɗora tukunya, ya sake ƙirga su bayan an sauke. Ɓerayen gidansa duk sun yi ƙaura zuwa gidan maƙwabta saboda yunwa. Ran da kazarsa ta ɓata, ya yi kwana uku yana karɓar gaisuwa.*

Babu mutumin da zai ƙirga ƙwayoyin shinkafa, amma yanzu kun ga Alhaji Tanko, kuma da wuya ku manta da shi. Ku lura da cewa siffa ɗaya aka kama, wato rowa. Da an ce kuma shi ne mafi tsawo a garin, kuma mafi muni, kuma mafi ƙarar murya, da rowar ta ɓace a cikin hayaniya. Wannan kuskure ne da sababbin marubuta suke yawan yi. Sai su kambama kowane mutum da kowane abu, yarinya ta fi kowa kyau a duniya, gidan ubanta ya fi kowane gida girma, motarsa ta fi kowace mota tsada. Kafin a kai shafi na biyar mai karatu ya gaji, domin idan kowa ƙato ne, to, babu ƙato.

Yanzu mu ƙara wa labarin mutum ɗaya:

*A ƙofar gidan akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai. Jarinta bai fi mudu biyu na wake ba, amma ba almajirin da zai tsaya a gabanta ya tafi hannu wofi.*

Ba mu ƙara ko kalma ɗaya a kan Alhaji Tanko ba, amma rowarsa ta ƙara muni. Tsohuwar ta zama ma'auni. Kuma a nan dariya ta fara raguwa, tunani ya shigo, domin mai karatu zai tambayi kansa, tsakanin su biyun wane ne mai arziki?

Kayan aikin da harshen Hausa ya tanada

Hausa tana da wasu kalmomi da kusan aikinsu ke nan. Akwai siffofin girmamawa, waɗanda sautinsu kaɗai yake nuna girma: ƙato, shirgege, gabjeje, zungurere, fankameme. Zungurere na abu mai tsawo ne, kamar sanda ko mota. Fankameme na abu mai faɗi ne, kamar fili ko ɗaki. A ɗaya gefen kuma akwai ɗan mitsitsi da ɗan tsurut da ɗan ƙanƙani. Ku sani cewa ƙanƙanta abu fiye da kima shi ma kambamawa ne, ta juya baya ne kawai.

Akwai kuma amsa-kama, wato kalmomin da suke ƙarfafa launi ko yanayi: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sanyi ƙalau, ya cika maƙil, ya yi shiru tsit. Kowace tana da abokin zamanta. Ba a cewa fari ƙirin, ba a cewa baƙi fat. Wanda yake koyon Hausa ya kamata ya haddace su bibbiyu, kamar yadda suke tafiya.

Karin magana kuwa ya fi son kishiyoyi. "Allura ta tono garma" ya haɗa ƙaramin ƙarfe da babba, ana nufin ƙaramar magana ta jawo babba. "Ƙwai a baki ya fi kaza a akurki" ya haɗa kaɗan da yake hannu da mai yawa da bai zo ba tukuna.

Jaruman da suka fi ƙarfin mutum

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar aka sami littattafai biyar da ake ɗauka a matsayin tushen ƙagaggen labari na boko a Hausa. Uku daga cikinsu za su taimake mu a nan: *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Ruwan Bagaja* na ƙanensa Abubakar Imam, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

*Ganɗoki* cike yake da kambamawa. Tauraron labarin mayaƙi ne da yake ba da labarin kansa, kuma muryarsa muryar mai kirari ce. Kirari shi ne yabon da jarumi yake yi wa kansa ko ake yi masa, kamar yadda 'yan dambe da mafarauta suke yi har yau, kuma kirari ba ya yiwuwa sai da kambamawa. Abin lura shi ne inda marubucin ya fara. Ya ɗora labarin a kan abin da ya faru da gaske, wato yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa lokacin da suka ci ƙasar Arewa a farkon ƙarni na 20. Daga baya ne ya kai jarumin ƙasashen aljannu da dodanni. Mutanen da suka fara karanta littafin a 1934, iyayensu da kakanninsu sun ga waɗannan yaƙe-yaƙe, kuma sun san wanda ya yi nasara. A ganina wannan ne ya ba kambamawar nauyi. Jarumin da ba ya tsoro, ba ya gajiya, yana tsaye ne kusa da tarihin shan kaye wanda kowa ya sani. Ba don wannan ba, da cika baki ne kawai.

A *Ruwan Bagaja* kambamawar ta raha ce. Alhaji Imam ya fita neman wani ruwa mai warkar da cuta, yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a garuruwa dabam-dabam, kowane yana shirya wa ɗan'uwansa ƙeta, kuma kowace ƙeta tana neman ta fi ta baya. Mai karatu ya san ba za a yi haka a zahiri ba, amma yana gane halayen da ake yi wa dariya, kamar wayo da kwaɗayi da son ramuwa.

Ba Hausawa kaɗai suke da wannan ba. Wataƙila kun ji labarin *The Palm-Wine Drinkard* na Amos Tutuola, wanda aka buga a 1952. Mai ba da labarin mashayin bammi ne da ubansa ya ba shi gona mai bishiyar bammi 560,000, aka kuma ɗaukar masa mai tatsa wanda yake kawo masa tulu 150 kowace safiya, ya ƙara 75 daga baya. Ku dubi dabarar da ke nan. Tutuola bai ce "bishiyoyi masu yawa" ba. Ya kawo adadi daidai, kamar akawu yana rubuta lissafi. Abin da ba zai yiwu ba, an faɗe shi cikin natsuwa da ƙididdiga, kuma daga wannan saɓani ne dariyar take fitowa.

Mutum biyu, hali biyu

Tun kafin a fara rubuta littafi, tatsuniya ta san amfanin kishiyoyi. Sanannen misali shi ne 'yar bora da 'yar mowa. Bora ita ce matar da miji ba ya so, mowa kuwa ita ce wadda yake so. 'Yar bora takan fita a wulaƙance, ta haɗu da wata tsohuwa ko wani abin mamaki a hanya, ta nuna ladabi, ta dawo da arziki. Sai mowa ta tura 'yarta ta bi hanyar nan, ta haɗu da abin nan, ta yi rashin kunya, ta dawo da wahala. Hanya ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce. Abin da ya bambanta kawai shi ne hali. Mai tatsuniya ya daidaita komai da gangan don kada mai sauraro ya dubi wani abu sai halin. Wannan ƙa'ida ce babba: kishiyoyi sun fi fitowa idan suna da abin da ya haɗa su. Ba a kwatanta tsawon mutum da zaƙin rake.

A littafin farko na *Magana Jari Ce*, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1937, an haɗa Waziri da aku. Waziri yana da mulki da mutane da makirci. Aku ɗan tsuntsu ne da ba shi da komai sai baki. Da labarai kaɗai yake riƙe ɗan sarki, Musa, a cikin gida har makircin Waziri ya rushe. Sunan littafin ma yana faɗar abin da wannan haɗin yake nunawa. Da a ce wani babban jarumi ne ya kayar da Waziri, da ba a ga darajar magana ba.

Da yawa daga cikinku kun karanta *Things Fall Apart* na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Tun a farkon littafin an ajiye Okonkwo kusa da ubansa Unoka. Uban malalaci ne, mai yawan bashi, mai son busa sarewa, mai tsoron ganin jini. Ɗan kuwa ɗan kokawa ne, manomin doya, mayaƙi. Amma Achebe bai tsaya a "wannan nagari, wancan mugu" ba. Unoka yana da taushin zuciya da son raha, waɗanda ɗansa ya rasa. Tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa shi ya sa Okonkwo ya sa hannu a kashe Ikemefuna, yaron da ya tashi a gidansa. Ashe kishiyoyin ba a waje kaɗai suke ba, suna faɗa a cikin zuciyar mutum ɗaya. Wannan mataki ne da ya fi na tatsuniya zurfi.

*Shaihu Umar* ya bi wata hanya dabam. Kusan babu kambamawa a cikinsa. Wani dattijon malami ne yake ba ɗalibansa labarin rayuwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, da yadda uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Abubuwa ne masu tsinka zuciya, amma muryar mai ba da labarin a kwance take, ba ihu, ba kururuwa. Saɓanin da ke tsakanin sanyin muryar da zafin abin da ake faɗa shi ne yake taɓa mai karatu. Wannan ya nuna ana iya haɗa kishiyoyi ba tare da kambamawa ba. Kambamawa ce ba ta iya rayuwa ita kaɗai.

Misalin da ya fi nuna wannan a fili yana cikin wani tsohon littafin Ingilishi, *Gulliver's Travels* na Jonathan Swift, na shekarar 1726. A tafiyarsa ta farko Gulliver ya faɗa ƙasar wasu mutane da tsawonsu bai kai inci shida ba, ya zama dodo a cikinsu. A ta biyu ya faɗa ƙasar ƙattai, ya zama abin wasan da wata yarinya take ɗauka a akwati. Jikinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Waɗanda suke tsaye kusa da shi ne suka canja. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan a taƙaice da ya ce giwa a garin wani zomo ce.

A idon mai zane da mai sassaƙa

Marubuci yana aiki da kalmomi, mai zane kuwa yana aiki da girma da launi da haske. Amma dabarun iri ɗaya ne, kuma ba sai mun fita Nijeriya ba kafin mu ga misalai masu kyau.

Mu fara da kai. A jikin baligi, kai yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na tsawon jiki. To, ku dubi hoton mutum-mutumin Nok, waɗanda aka gina da yumɓu aka gasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. An ba su wannan suna ne daga ƙauyen Nok da ke Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Kan yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jiki. Idanun manya ne, masu kama da kusurwa uku, da huji a tsakiya.

Wani zai ce ai ba su iya awo ba ne. Masu aikin tagulla na Ile-Ife sun ƙaryata wannan zato. Kawunan tagulla da aka tono a can a 1938 sun yi kama da fuskar mutum ƙwarai, har da laushin kumatu da lanƙwasar leɓe. Wanda ya iya wannan ya san awon jiki sarai. Duk da haka, a cikakken mutum-mutumin sarkin Ife, wato Ooni, kan ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jiki. Da gangan aka yi. A wurin Yarbawa, kai, wanda suke kira *ori*, shi ne mazaunin ƙaddarar mutum da halinsa. Abin da ya fi muhimmanci shi aka ba wuri mafi girma. Haka marubucinmu ya yi da rowar Alhaji Tanko.

A Binin, masu zubin tagulla na ƙarni na 16 da na 17 sun yi alluna da aka ƙawata ginshiƙan fadar Oba da su. Su ne cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A yawancin allunan za ku ga babban mutum a tsakiya, Oba ko wani babban hakimi, da wasu ƙanana a gefensa suna riƙe da garkuwa ko takobi ko abin busa. Ƙananan nan ba yara ba ne. Manya ne, muƙaminsu ne bai kai nasa ba. Girma a allon yana nufin daraja. Ku rufe ƙananan da tafin hannu ku dubi na tsakiyan shi kaɗai, za ku ga ya koma mutum kamar kowa. Su ne suke ba shi girman. Masu zane na tsohuwar Masar ma haka suke yi wa Fir'auna, su zana shi ya fi bayinsa da abokan gabansa nesa ba kusa ba.

Ibibiyo na Jihar Akwa Ibom suna sassaƙa fuskokin dodon Ekpo iri biyu. *Mfon ekpo* fuska ce mai haske, mai santsi, mai kyan gani, tana wakiltar ruhin mutanen kirki. *Idiok ekpo* baƙa ce, an karkatar da baki ko hanci, an mai da ita abin tsoro, tana wakiltar ruhin da bai sami natsuwa ba. A nan dabarun biyu sun haɗu a wuri ɗaya. An kambama kyau, an kambama muni, sannan aka fito da su a gari ɗaya don jama'a su ga bambancin. Idan kun tuna da 'yar bora da 'yar mowa, ba ku yi kuskure ba.

Sai batun haske da duhu. Ku ɗauki farin alli ku yi layi a kan farar takarda, da ƙyar za ku gan shi. Ku yi layin nan a kan baƙin allon aji, zai fito fat. Allin bai canja ba. Masu rini sun san wannan tun da daɗewa, ko a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ko a wurin masu yin adire a Abekuta. Sukan ɗaure wasu sassa na farin yadi ko su rufe su kafin a tsoma a shuni, domin farin da ya rage ya haskaka a cikin shuɗin. Mai ɗinkin babbar riga ma yakan zaɓi zaren da zai fito a kan yadin, in ba haka ba aikin wata guda ya tafi a banza.

A Turai akwai wani mai zanen fenti ɗan Italiya, Caravaggio, wanda ya rayu daga 1571 zuwa 1610, ya kuma shahara da wannan dabara. Yakan bar yawancin hoton cikin duhu, sannan ya saukar da haske mai ƙarfi daga gefe ɗaya a kan fuska ko hannu. A wani sanannen zanensa da ke birnin Rum, wasu mutane suna zaune a ɗaki mai duhu suna ƙirga kuɗi, haske ya shigo daga dama ya sauka a kansu. Ido ba ya da zaɓi, dole ya bi hasken. Kuna iya ganin irin wannan a gida idan aka ɗauke wuta aka kunna kyandir. Fuskar wanda yake kusa da kyandir ɗin takan fito fiye da yadda take da rana, saboda duk sauran ɗakin ya ɓace. Marubucin da yake son wani yanayi ya haskaka a labarinsa, dole ya yarda sauran shafukan su zama marasa ƙyalli.

Zanen barkwanci da inda haɗari yake

Babu inda kambamawa ta fi fitowa fili kamar zanen barkwanci na jaridu. Mai zanen yakan dubi fuskar wani sananne, ya nemi abin da ya bambanta ta da sauran fuskoki, ko hula ce ko tabarau ko wushirya, ya ninka shi. Abin mamaki shi ne, sau da yawa ana saurin gane mutum a irin wannan zane, domin an zubar da abin da ya haɗa shi da kowa, an bar nasa na kansa. Sannan sai a kawo kishiya: ƙaton mai mulki da tumbi a gefe ɗaya, ramammen talaka da ƙwarya a ɗaya gefen. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane saƙon. A Nijeriya, Akinola Lasekan, wanda yake sa hannu da sunan "Lash", ya yi fice da wannan tun daga shekarun 1940 a jaridar *West African Pilot* ta Nnamdi Azikiwe, inda ya yi ta sukar mulkin mallaka.

Amma wuƙar da take yanka nama ita take yanka yatsa. Kambama halin mutum ɗaya, ko aikin wani mai mulki, abu ne dabam. Ɗaukar siffa ɗaya a liƙa wa ƙabila gaba ɗaya, wani abu ne dabam. Duk kun san irin barkwancin da ake yi a ƙasar nan, a ce mutanen kaza duk 'yan son kuɗi ne, mutanen kaza duk matsorata ne, mutanen kaza duk jahilai ne. Tsakanin abokan wasa, inda kowa yake da damar ramawa, ana iya yin dariya a wuce. Matsalar tana farawa ne lokacin da mai sauraro ya manta cewa an ƙara gishiri, ya ɗauki zanen a matsayin hoto. A lokacin kambamawa ta tashi daga adon magana ta koma ƙarya. A Ruwanda, jaridar *Kangura*, wadda aka kafa a 1990, ta yi ta buga rubuce-rubuce da zane-zane masu ƙasƙantar da 'yan ƙabilar Tutsi kafin kisan ƙare dangi na 1994. A 2003 kotun ƙasa da ƙasa ta sami editanta da laifi.

Saboda haka idan kuka ci karo da kambamawa a littafi ko a jarida ko a wayar hannu, ku tambayi kanku: wace siffa aka faɗaɗa, kuma akwai ta da gaske? Wa aka ajiye kusa da ita a matsayin ma'auni? Mutum ɗaya ake nufi, ko an yi wa jama'a guda kuɗin goro ne? Tambaya ta biyun ita ce aka fi mantawa da ita. Wani lokaci rashin adalcin ba ya cikin abin da aka kambama, yana cikin abin da aka zaɓa a ajiye kusa da shi, kamar a kwatanta mafi kyawun mutanenmu da mafi munin mutanen wasu.

Aiki

1. Ku kawo maganganun kambamawa uku daga harshenku na gida, ku bayyana ma'anar kowace da Hausa.
2. Ku haɗa kowace kalma da amsa-kamar da ta dace da ita: fari, baƙi, ja, kore, shar, wur, fat, ƙirin.
3. Me ya sa ba za a ce masu aikin tagulla na Ife sun girmama kai ne saboda rashin iya awo ba?
4. Ku rubuta sakin layi ɗaya a kan wani malalacin yaro, ku kambama lalacinsa kaɗai. A sakin layi na biyu ku kawo wani mutum da zai zama ma'auninsa, ba tare da kun sake ambaton kalmar lalaci ba.
5. Da gawayi ko fensir, ku zana kofi a kan farar takarda sau biyu. A zane na biyu ku baƙanta duk abin da ke bayan kofin. Ku kawo zanen biyu aji, ku faɗa da Hausa wanne ya fi fitowa, da kuma dalili.